uBlock Origin a kan Firefox: abin da yake tarewa da abin da ba zai iya ɓoye maka ba

Cikin ƙananan manhajojin da ake ɗora wa burauza don kare sirri, wadda na ga ta cancanci zama a waya da kwamfuta ita ce uBlock Origin, kuma a kan Firefox take yin cikakken aikinta. Raymond Hill ne ya fara ta a 2014, kyauta ce, kuma lambobinta a buɗe suke ga duk mai son dubawa. A lura da sunan da kyau, domin akwai wata mai suna uBlock kawai, ba ita ba ce.

Idan ka buɗe shafin jarida guda, ba da jaridar kaɗai wayarka ke magana ba. Shafin yana kiran wasu kamfanoni na talla da na ƙididdiga, kowanne ya ajiye maka kukis, wato 'yan bayanan shaida da ke zama a burauzarka, ko ya karanta bayanan na'urarka, gobe kuma ya gane ka a wani shafin. uBlock Origin na tsayawa tsakani, tana gwada kowane kira da jerin sunayen da take ɗauke da su, irin su EasyList da EasyPrivacy da jerin Peter Lowe, wanda ya faɗo a ciki ta datse shi tun bai fita ba. Abin da ba a sauke ba bai ci data ba, shi ya sa mai ƙaramin bando zai fara ganin amfaninta kafin ma a zo maganar sirri. Akwai kuma wani maɓalli a saitinta da ke hana sauke hoto ko bidiyon da ya wuce KB 50 sai ka taɓa shi da kanka.

Dalilin da na ce Firefox shi ne, Google ta kawo sabon tsari a Chrome mai suna Manifest V3, ta kuma fara kashe manhajojin tsohon tsari a 2024. Sabon tsarin ya rage wa irin waɗannan manhajoji ikon duba kowane kira da kansu. Abin da ya rage wa masu Chrome shi ne uBlock Origin Lite, wadda ke tare talla daidai gwargwado amma ba ta kai uwarta ba. A wayar Android ma Chrome ba ya karɓar irin waɗannan manhajoji ko kaɗan, Firefox kuwa yana karɓa. Haka nan a Firefox ne take iya bankaɗo masu bibiyar da ke fakewa da sunan shafin da ka ziyarta ta hanyar wata dabarar laƙabin adireshi da ake kira CNAME.

Sakawa ba ta da wuya. Ka ɗauko ta daga rumbun Mozilla, masu yin Firefox, ka tabbata sunan Raymond Hill ne a ƙasa. Ka shiga wurin jerin matata, ka bar waɗanda ka tarar a kunne, ka ƙara AdGuard URL Tracking Protection, wanda ke yanke jelar bibiya irin su fbclid da utm daga adireshi. Kada ka kunna duk jerin da ka gani, yawansu ne ke karya shafuka. Sannan a saitin Firefox kansa ka kunna tsarin HTTPS kaɗai, mai sa a buɗe shafuka ta hanyar da aka kulle bayananta, wanda ya shigo tun siga ta 83 a 2020.

Inda take ba da matsala shi ne shafukan biyan kuɗi da na cike fom. Wani lokaci maɓallin biya ya ƙi motsi, ko akwatin tantance cewa kai mutum ne ya ƙi fitowa, saboda an datse wani rubutun umarni (script) da shafin ya dogara da shi daga waje. Maganin ba cire manhajar ba ne. Ka taɓa alamarta, ka danna babban maɓallin kashewa, ka sake loda shafin. A wannan shafin kaɗai za ta tsaya. Akwai tsarin gwanaye da ke toshe duk rubutun waje sai wanda ka yarje wa. Kariyarsa ta fi ƙarfi nesa ba kusa ba, amma kullum cikin gyara kake, ban ba wanda ke sauri shawarar shigarsa ba.

Cikin sauran manhajojin kare sirri, Privacy Badger ta EFF, ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, ba ta da laifi, sai dai tun 2020 ta daina koyon masu bibiya a kan na'urarka sai in ka kunna da kanka, yawancin abin da take tarewa kuma uBlock Origin ta riga ta tare. HTTPS Everywhere, mai tura shafuka kan HTTPS, an yi mata ritaya a Janairun 2023. Wadda nake ganin tana ƙara wani abu na daban ita ce Multi-Account Containers ta Mozilla, mai raba Facebook da banki da aikin ofis kowanne a ɗakinsa da kukis ɗinsa, amma a kwamfuta take aiki.

Tara manhajoji da yawa kuwa illa ne. Yawancinsu ka ba su izinin karanta duk shafin da ka buɗe, har da na bankinka. A 2018 an cire Stylish daga rumbunan Chrome da Firefox bayan an gano tana kwashe tarihin shafukan masu amfani da ita, a 2021 kuma Google ta cire The Great Suspender bayan ta sauya hannu aka cusa mata mugun abu. Ban da haka, haɗin manhajoji da nau'in haruffan na'urarka da girman allo na iya zama tambarin da za a gane ka da shi ko ba kukis. Shafin Cover Your Tracks na EFF zai gwada maka wannan cikin minti ɗaya.

Abin da nake so mai karatu ya riƙe da gaske shi ne, duk wannan rage bibiya ne, ba ɓoye mutum ba. Adireshin IP ɗinka, wato lambar da na'urarka ke shiga intanet da ita, a bayyane yake ga kowane shafi. Kamfanin layinka yana ganin sunayen shafukan da kake shiga, a Najeriya kuma layin a ɗaure yake da lambar NIN. Idan ka shiga asusun Google ko Facebook, ai kai da kanka ka faɗi sunanka. Ɗan jarida ko mai fallasa almundahana da ke buƙatar kada a san shi, Tor Browser, burauzar da aka gina don ɓoye mai amfani da ita, shi ne nasa, kuma masu yin sa sun yi gargaɗi kada a ƙara masa wata manhaja, domin kariyarsa ta dogara ne ga kowa ya yi kama da kowa. Manhajojin VPN na kyauta, masu ɓoye adireshin IP, da ake liƙa wa burauza kuwa abin da ke cikin burauzar kaɗai suke rufewa, WhatsApp da sauran manhajojin wayarka na bin hanyarsu ta da, sannan duk zirga-zirgarka ta koma hannun wani kamfani da ba ka san da me yake biyan kuɗin sabobinsa ba.