Ka sayi kwamfuta yanzu, ko ka jira sabon furosesa?

Kwamfutar tebur da laftof ba hukuncinsu ɗaya ba a wannan tambaya, don haka sai ka fara sanin wadda kake nema.

A ta tebur, kafin ka dubi furosesa, ƙwaƙwalwar kwamfuta, dubi soket, wato gurbin da yake zama a jikin babban bod. Kamfanoni biyu ne ke gaba a nan, AMD da Intel. AMD ta fito da soket ɗin AM5 a 2022 tare da furosesoshin Ryzen 7000, ta kuma ce za ta ci gaba da shi aƙalla zuwa 2027. Wanda ya sayi bod ɗin tun lokacin, da Ryzen 9000 ya fito a 2024 sai kawai ya sabunta BIOS, manhajar da ke cikin bod ɗin, ya ɗaga marfin soket, ya cire tsoho ya ɗora sabo, ya shafa man sanyaya, ya mayar da fanka. RAM ɗinsa, wato ma'adanar aiki ta wucin gadi, nau'in DDR5, bai taɓa shi ba. Dama AMD ta saba: soket ɗinta na baya, AM4 na 2016, shi ne har ya ɗauki Ryzen 7 5800X3D a 2022. Intel kuwa ba ta daɗewa a gurbi ɗaya. Soket ɗinta LGA 1700 ya ɗauki furosesoshinta zubi na 12, 13 da 14, sai Core Ultra 200S ya zo a Oktoban 2024 da LGA 1851, wanda ba ya karɓar na baya, ba ya kuma aiki da tsohon RAM na DDR4. A ganina mai sayen AM5 ba shi da hujjar zaman jira. Mai son Intel ne ya kamata ya tambaya ko zubi mai zuwa zai zauna a bod ɗin da zai biya.

Laftof daban ne. An liƙe furosesansa da dalma, abin da ka saya da shi za ka zauna. A Core Ultra 200V na Intel ma har RAM ɗin a jikin furosesa yake, gigabayit 16 ko 32, babu ƙari daga baya. Nan ne jira yake da riba, musamman ga mai neman batir mai daɗewa, domin tun da Apple ta fito da furosesanta M1 a 2020 gasar ta koma kan ƙarancin cin wuta. Snapdragon X na Qualcomm ya yi fice wajen batir, amma tsarin Arm ne, wanda ya bambanta da na Intel da AMD, sai ka tabbatar manhajojin aikinka da wasanninka suna gudu a kansa.

Sai dai sabon suna ba ya nufin sabuwar ƙira. Zubi na 14 na Intel a tebur gyaran fuska ne aka yi wa na 13. Ryzen 5 7520U kuma, duk da 7000 ɗin da ke sunansa, ƙirar Zen 2 ce ta 2019. A Ryzen 7000 na laftof, lamba ta uku ce ke tona asirin, 2 na nufin Zen 2, 4 na nufin Zen 4.

Yawancin sanarwar sababbi a bikin CES na Las Vegas ake yin ta a Janairu, ko a Computex na Taipei wajen Mayu da Yuni. In saura 'yan makonni, kuma kwamfutarka tana aiki, dakata: ko ba ka sayi sabon ba, galibi na baya yakan sauko. In kuwa ta mutu kuma da ita kake neman abinci, saya yau, ka sa rarar kuɗin a RAM da SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri.