Awon cika ko awon nauyi, wanne ya fi wa saiti?

Malam, ka tambaya, in kana lodin harsasan bindiga da kanka, ko sai ka auna albarushin kowane harsashi a sikeli, ko mazubin nan mai awon cika ya isa. Gaskiya ya danganta ne da nisan da kake harbi.

Mazubi yana da sauri, ka ja hannu ya zuba, ka wuce kwanso na gaba. Amma cika yake aunawa ba nauyi ba, in albarushin mai ƙananan ƙwayoyi zagayayyu ne yana zuba daidai sosai, in kuma mai dogayen tsinke ne irin su Varget sai ka ji yana yanka ƙwayar, ya ɗan ƙara ko ya rage giren 0.2 ko fiye (giren shi ne ma'aunin nauyin albarushi). Sikeli kuwa, ko na hannu da kake ɗiga ƙwaya ƙwaya ko mai lantarki irin RCBS ChargeMaster, yawanci yana tsayawa cikin giren 0.1 amma fa akwai cin lokaci, ga iskar fanka kaɗai ta isa ta rikita shi. Giren ɗaya giram 0.065 ne kacal, ka ga abin da muke ta musu a kai.

A nau'in harsashin .308 Winchester giren 0.1 yana sauya gudun harsashi da ƙafa 5 zuwa 7 a sakan. To a yadi 100 ko bambancin gudu ya kai ƙafa 20 a sakan, sauyin da za ka gani a takarda bai kai inci 0.1 ba, rawar hannunka ma ta fi shi. Shi ya sa ƴan gasar benci (inda ake ɗora bindiga a kan benci a harba) na gajeren zango da yawa masu harsashin 6 PPC da mazubi suke zubawa, kuma harsasansu rami ɗaya suke shiga. Amma a yadi 1000 wannan ƙafa 20 ɗin sai ta zama wajen inci 7 tsakanin na sama da na ƙasa, nan kam sikeli ba wasa.

Abin da mutane ke mantawa, ko ka auna har ƙwayar ƙarshe, in cikin kwansunanka bai zo ɗaya ba ko wuyan kwanso bai riƙe harsashi da ƙarfi iri ɗaya ba, gudun zai ci gaba da wasa. Ni da za ka ji tawa, ka fara sayen na'urar auna gudu kafin sikeli mai tsada. In kuma ka kusa iyakar da littafin lodi (mai faɗin yawan albarushin da za a zuba) ya gindaya, kowane ɗaya ka ɗora a sikeli ko a yadi 50 za ka harba.