Sharhi: Na hau DC-3, jirgin da ya girmi babana

Duk mai neman kujera mai laushi da sanyi da fim a gabansa, ya riƙe kuɗinsa, DC-3 ba nasa ba ne. Amma in kai irinmu ne da ba ma iya jin ƙarar jirgi ba mu ɗaga kai ba, to kuɗinka ba zai tafi a banza ba.

A ƙasar Finland na hau shi, lokacin zafinsu, a hannun wata ƙungiya mai kula da tsohon jirgin. Ƙirar 1942 ne. Kamfanin Douglas na Amurka ya fara tayar da irinsa ranar 17 ga Disamba 1935, kuma in aka haɗa da na soja, wanda Turawan Ingila ke kira Dakota, an ƙera sama da 16,000. Ba baƙo ba ne a wajenmu ma: Nigeria Airways ta yi jigila da shi, ya sha sauka a Kano.

Tun daga ƙofa za ka san zamani ya juya. Ƙaramar taya ce a ƙarƙashin jela, don haka hancinsa na kallon sama. Ta baya ake shiga, a hau tudu zuwa kujera ana dafa na gefe. Fukafukin na sheƙi, ƙusoshi jere reras, da ɗan sawun baƙin mai a bayan injin.

Tayar da injin kaɗai ya biya ni. Biyu ne, ƙirar kamfanin Pratt & Whitney, kowanne silinda 14 a zagaye, ƙarfin doki 1,200. Farfela ta fara juyawa a kasalance, har kana iya ƙirga ta. Sai tari ɗaya, biyu, kamar injin niƙan da ya kwana cikin sanyi, sai farin hayaƙi ya turnuƙe. Wata tsohuwa a gefena ta zaro ido. Ba matsala ba ce: mai ne ke taruwa a silindojin ƙasa idan injin ya huta, shi yake ƙonewa. Daga nan ruri ya daidaita, kujera da taga da haƙoranka kowa ya ɗauki rawa.

A kan titin tashi jela ce ke fara ɗagawa, jirgin ya miƙe sambal, sannan ya rabu da ƙasa ba tare da wata fizga ba. Ba a matse iska a cikinsa kamar jiragen yanzu, shi ya sa ba ya lulawa can ƙololuwa. Mun yi ƙasa-ƙasa har ina ganin kwale-kwale tsakanin tsibirai da jajayen gidajen katako a bakin ruwa. Gudunsa bai kai kilomita 300 a awa ba, ido yana samun lokacin kallo. Duk iskar da ta taɓa fukafuki kuwa sai ka ji ta a cikinka. Ni abin da na zo nema ke nan. A jirgin zamani zama kawai kake yi a ɗaki har a ce an iso.

Aibunsa? Ƙara. Hira sai da ɗaga murya. Kafin a tashi akwai zafi da warin mai, mai saurin tashin zuciya ya yi shiri. Tafiyar gajera ce, kuma irin wannan yawo hadari na iya sa a ɗage shi, kada ka ajiye shi sai ranar komawarka gida.

Ka zo da abin toshe kunne, ka kuma nemi kujerar baya. Fukafukin a ƙasa yake, in ka zauna a tsakiya shi za ka yi ta kallo.