Tsarin abinci na Disney ko biyan kuɗi nan take a dogon hutu

Iyalin da zai sauka a otal-otal ɗin wurin shaƙatawa na Walt Disney World da ke kusa da Orlando a jihar Florida ta Amurka yana iya sayen tsarin abinci tun kafin tafiya, ko ya riƙa biya duk lokacin da ya ci. An dakatar da tsarin a 2020 saboda annobar korona, aka dawo da shi a Janairun 2024.

Babban tsarin yana ba kowane mutum, a kan kowane daren da ya kwana, abinci ɗaya a gidan cin abinci na zama, ɗaya na ɗauki-ka-tafi da abin taɓawa ɗaya. A hutun kwana uku ko huɗu wannan yana kwantar da hankalin maigida, domin ya san abin da ya kashe. Amma wajibi ne tsarin ya haɗa da duk wanda ya kai shekara 3 a ɗakin, na dukkan dararen, kuma yaro ɗan shekara 10 kuɗin babba ake biya masa. Idan hutu ya kai kwana goma, ciki yakan gaji da abinci mai nauyi, a fara marmarin shayi da burodi a ɗaki, alhali abin da ba a ci ba yana ƙonewa ranar barin otal. Tukwicin ma'aikata ba ya ciki, sannan farashin ya haɗa da giya ga wanda ya kai shekara 21, wanda asara ce ga marar sha.

Mai biya nan take yana iya raba faranti ɗaya da yaro, ko ya ci a cikin gari. A dogon hutu biya nan take na fi ba da shawara, sai dai ga iyali mai yawan ci da ba ya niyyar fita daga harabar.