ArcGIS License Manager a ɗakin kwamfutocin kwaleji: abin da na gani

ArcGIS License Manager manhaja ce ta kamfanin Esri da ke zaune a sabar (babbar kwamfutar ɗakin), tana raba wa kwamfutocin ɗalibai lasisin ArcMap, manhajar zanen taswira. Bayan zango biyu ana aiki da ita a ɗakin koyar da zanen taswira, hukuncina shi ne manhajar tana da juriya, sai dai ba ta da baki. Idan ArcMap ya ƙi buɗewa, lamba kawai zai jefo maka. Sau da yawa kuma lasisin lafiyarsa ƙalau, hanyar da ke tsakanin kwamfutar ɗalibi da sabar ce ta toshe.

Lambar da ta fi damun mutane ita ce -15, wato kwamfutar ta kasa isa ga sabar. Masu gadin lasisin biyu ne, lmgrd.exe da ARCGIS.exe. Na farkon yana tsayawa a ƙofa (port, lambar da kwamfutoci ke bi su same shi) tsakanin 27000 da 27009. Na biyun kuwa ɗan yawo ne, duk sanda aka sake kunna sabar yana iya sauya ƙofa. Ka buɗe masa hanya a Windows Firewall yau, a ɗauke wuta da dare, gobe ya koma wani wuri. Sai an ɗaure shi: a buɗe service.txt da ke cikin jakar bin, a ƙara PORT=27001 a ƙarshen layin VENDOR ARCGIS, a tsayar da License Manager a sake tayar da shi, sannan a buɗe 27000 da 27001 a Firewall. Aikin minti goma ne, amma da wuya baƙon hannu ya gano shi da kansa, kuma nan na rage wa License Manager maki.

Sai -88. Wannan agogo ne. Tsohuwar kwamfuta da batirinta na CR2032 ya mutu, da zarar wuta ta ɗauke sai kwanan wata ya koma baya, FlexNet kuma, tsarin da ke tantance lasisin, ya ɗauka ana so a yi masa wayo. A sauya batirin, a daidaita lokaci da intanet. Kada a taɓa lasisin.

Idan -4 ta fito, kujeru ne suka ƙare, wato duk lasisin da sabar ke rabawa yana hannun wasu. A duba waɗanda suka ari lasisi a laftof suka tafi hutu da shi, domin ba ya dawowa sai sun mayar ko wa'adin aron ya cika. Haka kuma kada License Manager da ke kan sabar ya zama tsohon yayi alhali kwamfutocin ɗalibai na ɗauke da ArcMap sabon fitowa. Na sabar ake fara sabuntawa.

Kuskuren da ya fi tsada shi ne goge kwamfuta mai lasisin Single Use (wanda aka ɗaure wa kwamfuta ɗaya) ba tare da an danna Deauthorize (sakin lasisin) a manhajar ArcGIS Administrator ba. Lasisin zai maƙale, sai an nemi Esri ko wakilinsu su sako shi.

Ga ɗakin da intanet ke yankewa, tsarin sabar cikin gida ya fi kwanciyar hankali. Sai dai 10.8.2 shi ne ArcMap na ƙarshe, don haka duk kwalejin da za ta sabunta kwangila ta fara tambayar wane irin lasisin ArcGIS Pro, magajin ArcMap, za a ba ta.