Bitar Rumbun The Reptile Database: Abin da Ƙadangarun Karibiyan Suka Nuna

Malamin da ke koyar da ilimin halittu, ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri a kan dabbobi masu jan ciki, ba ya nisa sai ya buƙaci sanin sunan da masana suka tsaya a kansa a yau ga wata dabba, kuma inda galibi ake dosa shi ne rumbun bayanai na intanet mai suna The Reptile Database. Masanin Jamus Peter Uetz ne ya kafa shi a 1995, lokacin da yake aiki a EMBL, cibiyar binciken kimiyyar halittu ta Turai da ke Heidelberg, yanzu kuwa ya ƙunshi nau'o'i sama da 12,000 na macizai da ƙadangaru da kunkuru da kadoji. Ba a biyan ko sisi, ba a neman rajista, kuma ana sabunta shi lokaci zuwa lokaci a cikin shekara. Kowane nau'i yana da nasa shafin, inda za a ga danginsa da ƙasashen da ake samunsa, da gidan tarihin da ke ajiye da samfurin farko da aka yi masa suna da shi, da tsofaffin sunayensa, da jerin maƙalun da aka rubuta a kansa.

Yawan sunaye bai isa ya zama ma'auni ba a wurina, domin tara suna ba shi ne aiki mai wuya ba. Inda ake gane ingancin irin wannan rumbu shi ne wurin da masana suka daɗe suna saɓani, shi ya sa na auna shi da ƙananan ƙadangarun Anolis na rukunin roquet, waɗanda ke zaune a jerin tsibiran kudu maso gabashin Karibiyan. Akwai Anolis roquet a Matinik, da extremus a Barbados, da luciae a Sent Lusiya, da trinitatis da griseus a Sent Binsent, da aeneus da richardii a Girenada. Da yawansu sun yi kama da juna a girma da siffa, bambancin bai wuce launin jiki da na fatar maƙogwaron da namiji ke buɗewa ba, launin kuma yana dusashewa da zarar an jiƙa dabbar a ruwan adanawa. Tun da teku ya raba yawancinsu, babu yadda za a yi a ga ko suna barbara da juna a daji, don haka masanan da ke bambanta su ta ƙirga ɓawon fata suka yi ta jayayya a kan wanne ne nau'i mai cin gashin kansa, wanne ne kuma reshen wani.

A nan jini ya shigo. A 1965 George Gorman da Herbert Dessauer suka wallafa bincikensu a mujallar Science, inda suka kwatanta furotin na jinin waɗannan ƙadangaru tsibiri bayan tsibiri. Ana ɗibar ɗan jini kaɗan, a juya shi a na'ura har jajayen ƙwayoyin su kwanta a ƙasa, ruwan jinin mai ɗan rawaya ya taso sama. Sai a ɗiga wannan ruwa, ko ruwan jajayen ƙwayoyin da aka farfasa, a bakin wani faifan sitaci da aka dafa ya daskare, dabarar da Oliver Smithies ya fito da ita a 1955, a sakar masa wutar lantarki na wasu sa'o'i. Kowane furotin yana tafiya a cikin sitacin gwargwadon girmansa da cajin da yake ɗauke da shi, idan aka yanka faifan aka zuba masa rini, sai layuka su fito a jere kamar zanen saƙi. Sun mai da hankali a kan himogulobin na cikin jajayen ƙwayoyi, da tiransiferin, wato furotin da ke dakon sinadarin ƙarfe a ruwan jini. Idan layin ƙadangaren wani tsibiri ya tsaya a inda na maƙwabcinsa bai tsaya ba, an sami bambancin gado wanda ido ba ya gani a fata.

Abin da ya fi burge ni a wannan tarihi ya faru ne a tsibirin Tirinidad, inda aeneus da trinitatis, waɗanda duka baƙi ne da aka shigo da su, suka haɗu a yankin San Fernando. An sami ƙadangarun da jininsu ke nuna layukan ɓangarorin biyu a lokaci guda, alamar cewa ruwa biyu ne. Binciken kuromosom, wato zaren da ke ɗauke da gado a cikin ƙwayar halitta, ya ƙarfafa zancen, domin aeneus yana da 34, trinitatis yana da 36, 'ya'yan gamin kuwa 35, kuma a 1971 Gorman da abokan aikinsa suka nuna cewa haihuwar waɗannan 'ya'ya tana da rauni ƙwarai. Ke nan iyayen nau'i biyu ne na haƙiƙa duk da kamanninsu. A 1971 ɗin ne kuma Gorman da Allan Wilson suka bi wata hanyar, ta yi wa zomo allurar albumin, wani furotin na ruwan jini, na ƙadangare ɗaya, a jira jikin zomon ya haɗa sinadaran garkuwa, sannan a gwada ƙarfin kamun da waɗannan sinadarai ke yi wa albumin na sauran ƙadangaru, inda raunin kamu ke nuna nisan zumunta.

Da wannan sani a ka, shafukan rumbun suna da daɗin karatu, kuma mafi amfani a cikinsu shi ne jerin tsofaffin sunaye. A shafin ƙadangaren Barbados, misali, mutum zai ga cewa Samuel Garman ne ya yi masa suna a 1887, daga baya wasu suka riƙa rubuta shi a matsayin reshen roquet na Matinik, sannan ya dawo nau'i mai zaman kansa. Kowane canji yana tare da sunan wanda ya yi shi da shekararsa. Wannan babban aiki ne, domin ɗalibin da ya ci karo da suna a tsohon littafi zai iya bin sawunsa har zuwa sunan yau cikin 'yan mintoci, abin da a da sai an kwana a ɗakin karatu mai wadata kafin a same shi. Na kuma yaba da matsayin masu kula da rumbun game da shawarar da aka kawo a 2012 ta a farfasa Anolis, mai nau'o'i sama da 400, zuwa gidaje takwas, wadda za ta mai da rukunin roquet ƙarƙashin sunan Dactyloa. Sun ci gaba da amfani da Anolis, amma sun ajiye ɗayan sunan a jerin, ta yadda duk wanda ya nemo da shi ba zai ɓata ba.

Gazawar rumbun kuwa a wuri ɗaya take da ƙarfinsa. Rumbun yana faɗin hukunci, ba ya shimfiɗa hujja. Jerin sunayen ba ya gaya wa mai karatu ko an ɗaga wani reshe ya zama nau'i ne saboda ƙirgar ɓawon fata, ko layin furotin, ko kuromosom, ko jerin DNA, sai dai ɗan gajeren tsokaci a wasu shafuka, wanda tsawonsa da zurfinsa sun bambanta daga nau'i zuwa nau'i. Wurin ayyuka irin na Gorman da Dessauer shi ne dogon jerin maƙalun da ke ƙasan shafi, kuma da yawa daga cikin mujallun da ke ɗauke da su sai da kuɗi ake buɗe su. Wannan ya dame ni saboda hujjojin ba ɗaya suke a nauyi ba. Furotin biyu mabambanta suna iya tsayawa a layi ɗaya, don haka daidaituwar layi ba ta tabbatar da cewa gado ɗaya ne, ma'aunin zomo kuma lamba guda yake bayarwa ba tare da nuna inda bambancin yake ba, abin da ya sa masana suka koma ga DNA tun daga shekarun 1990. Ko da DNA ɗin, yanke hukunci a kan al'ummomin tsibirai da ba sa haɗuwa yana buƙatar ra'ayin masani, amma ɗalibin da ya ga suna ɗaya a saman shafi da manyan haruffa zai ɗauka magana ta ƙare.

Wannan darasi ya shafe mu kai tsaye. Jan gwadan da ke gyaɗa kai a katangun gidajenmu, wanda littattafan makaranta suka saba kira Agama agama, yana cikin rukunin da binciken DNA ya sake wa fasali, har yawancin na Afirka ta Yamma masu irin wannan siffa suka koma ƙarƙashin Agama picticauda. Wanda zai rubuta wani abu a kansa ya kamata ya duba rumbun kafin ya sa suna, ya kuma rubuta ranar da ya duba, tun da sunayen suna canzawa.

Ta fuskar amfani, shafukan rubutu ne galibi da 'yan hotuna, suna buɗewa ko da intanet ba ta da ƙarfi, kuma ana iya sauke cikakken jerin sunayen a ajiye a kwamfuta. Da Turanci yake, cike da kalmomin fanni, kuma ba littafin gane dabba a daji ba ne, don haka wanda ya kama tsaka ko kulɓa yana son sanin wacce ce zai fi samun biyan buƙata a wani wurin. Ga malami da mai bincike kuwa ina ba da shawararsa ba tare da shakka ba, da sharaɗin a sa ɗalibi ya zaɓi aƙalla maƙala ɗaya daga ƙasan shafin ya karanta, ya zo ya bayyana da wace hujja aka raba nau'in da yake magana a kansa da ɗan'uwansa.