Platoon ko Apocalypse Now, wanne ne na kiɗan rock ɗin?

Salam 'yan uwa. Jiya da daddare wani ɗan uwa a nan ya ce ya ci karo da wani guntun bidiyo, jirage masu saukar ungulu sun jeru a sama kan daji ana ta sakin kiɗan jita, wasu na cewa daga fim ɗin Platoon aka yanko wasu na cewa a'a Apocalypse Now ne, shi kuma datarsa ba za ta ɗauki biyu ba. Wanne zai sauke, kuma me ma ya haɗa yaƙin Biyetnam da kiɗan rock tun farko? Can ƙarshe kuma ya tambayi finafinan yaƙi masu dogon zango. Toh ɗan uwa ga abin da na sani, na kalli kowanne fiye da sau ɗaya.

Bari in fara da bidiyon naka. Idan waƙar da ka ji Fortunate Son ce ta Creedence Clearwater Revival, wadda ita aka fi liƙa wa irin waɗannan jiragen, toh ba ta cikin ko ɗaya daga cikin biyun, a Forrest Gump na 1994 ne mutane suka fi saninta da jirage. Idan kuma Paint It Black ce ta Rolling Stones, ita ma ba nan take ba, da ita aka rufe Full Metal Jacket na 1987, kuma da ita ake buɗe Tour of Duty, fim mai dogon zango da tashar CBS ta nuna daga 1987 zuwa 1990. Masu haɗa bidiyo kawai suna ɗaukar hoto nan su ɗauki waƙa can su gwama.

Shi kuwa dalilin rock ɗin ba wani abu ba ne, zamani ne. Sojan Amurka na ƙasa sun sauka Da Nang a Maris 1965, zuwa 1968 sun haura dubu 500 a ƙasar, kuma da yawansu samari ne 'yan shekara sha tara, ashirin, waɗanda aka ɗebo dole ba don suna so ba. Daidai wannan lokacin ne rock ke tashe a gida. Sojoji suna da gidan rediyonsu a Saigon, suna da 'yan ƙananan rediyo da rikoda, abin da saurayi ke ji a ɗakinsa shi ya biyo shi har bakin daga. Akwai wata waƙar The Animals ta 1965, We Gotta Get Out of This Place, da sojojin suka mayar tasu saboda sunanta kaɗai ya faɗi abin da ke ransu, wato mu dai mu bar wurin nan. Ita kuma Fortunate Son da ta fito 1969 kuka ne a kan yadda 'ya'yan manya ke zillewa a bar ɗan talaka ya tafi ya mutu. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an ɗora ta a bidiyo ana kirari wa jiragen yaƙi, an juya wa waƙar ma'ana gaba ɗaya.

Yanzu ga biyun. Apocalypse Now na Francis Ford Coppola ne, ya fito 1979. Labarin wani kyaftin ne, Willard, Martin Sheen ya fito a matsayinsa, aka tura shi cikin ƙaramin jirgin ruwa ya bi kogi har cikin Kambodiya ya kashe wani kanar nasu mai suna Kurtz, Marlon Brando kenan, wanda ya ɓalle ya kafa mulkin kansa a ƙungurmin daji. Asalin labarin ma ba na Biyetnam ba ne, daga littafin Joseph Conrad aka ɗauko, wanda ya faru a kogin Kwango zamanin Turawan mulkin mallaka. Platoon kuwa na Oliver Stone ne, 1986, kuma shi Stone ya yi yaƙin da kansa a 1967 da 1968 har aka ji masa rauni sau biyu. Labarin wani kurtu ne, Chris Taylor, da ya bar jami'a ya shiga soja da ƙafarsa, ya tsinci kansa tsakanin sajan biyu, Barnes mai tabo a fuska wanda imani ya fita daga zuciyarsa, da Elias wanda har yanzu da sauran tausayi. Wanda ya fito a Chris ɗin Charlie Sheen ne, ɗan Martin Sheen, ka ga uba a ɗaya ɗa a ɗaya. Duka biyun a Filifin aka ɗauke su. Coppola jiragen sojan Shugaba Marcos ya ara, har akan janye su ana tsakiyar aiki a tura su yaƙi da 'yan tawaye, guguwa ta rushe masa wurin ɗauka, Martin Sheen ya samu bugun zuciya, aikin ya ja shekaru. Stone kuwa ya zo daidai lokacin da ake kifar da Marcos ɗin a farkon 1986, da ɗan kuɗinsa wajen dala miliyan 6 ya gama, kuma shi ya tafi da Oscar huɗu har da na gwarzon fim. Apocalypse Now Oscar biyu ya samu, na hoto da na sauti, da babbar kyautar bikin fina-finai na Cannes.

Inda suka rabu sosai shi ne hannun wa kiɗan yake. A Apocalypse Now tun kafin kowa ya buɗe baki, za ka ga layin bishiyoyi shiru, ƙarar fukafukan jirgi na wucewa a hankali, jitar The Doors ta shigo da waƙar The End, sai kawai dajin ya kama da wuta gaba ɗaya. Wallahi karon farko da na gani tsigar jikina sai da ta tashi, kuma abin da ya dame ni daga baya shi ne na ji daɗin kallon, alhali daji ake ƙonawa da duk abin da ke cikinsa. Wannan kiɗan ba soja ne ya kunna ba, darakta ne ya ɗora, yana so ya saka ka cikin kan mutumin da yaƙi ya riga ya bugar. Fim ɗin duk haka yake tafiya kamar mafarkin mai zazzaɓi, kana ƙara shiga kogin hankali na ƙara barin mutane. Sannan wurin da kowa ya sani, inda jirage suka taso daga teku suka far wa ƙauye da lasifika a jikinsu, wannan ba rock ba ne sam, kiɗan Wagner ne, Bajamushe na ƙarni na 19. A cikin labarin kwamandan ne ke kunna shi don ya firgita mutanen ƙauyen, kuma ƙauyen ma ya zaɓe shi ne don bakin ruwansa na da igiyar da zai yi wasan sulu a kai. Ka dubi lokacin da kiɗan ya yanke aka nuna harabar makaranta shiru malama na kwashe yara, wannan 'yan daƙiƙun su ne gaskiyar wurin.

Akwai wani yaro a jirgin ruwan da ake kira Clean, Laurence Fishburne ne, shekararsa 14 kacal lokacin da aka fara ɗauka. Shi ne ke tiƙar rawa da rediyo ta sako Satisfaction ta Rolling Stones. Ka yi haƙuri zan ɓata maka wuri ɗaya, daga baya an harbe shi yana cikin sauraren kaset ɗin da mahaifiyarsa ta aiko masa, yana kwance muryarta na ci gaba da magana tana jiran dawowarsa. A duk fim ɗin babu sautin da ya taɓa ni kamar wannan kaset, ya fi The Doors ya fi Wagner.

Platoon kuwa in don rock za ka sauke, gaskiya kaɗan za ka samu, kuma ɗan da ke ciki sojojin ne ke kunna abinsu. Stone ya raba sansanin gida biyu da kiɗa. Ɓangaren Elias suna cikin wani rami na ƙarƙashin ƙasa, baƙaƙe da farare a cakuɗe, ana busa wiwi, White Rabbit ta Jefferson Airplane na tashi lokacin da Chris ya fara shiga, can kuma su rungumi juna suna bin The Tracks of My Tears ta Smokey Robinson, wadda ma ba rock ba ce, soul ce ta baƙaƙen Amurka. Ɓangaren Barnes kuwa giya da karta da kiɗan country, Okie from Muskogee ta Merle Haggard, waƙar masu ƙin 'yan zanga-zanga. Nan ma an ɗan yi tuntuɓe, waƙar 1969 ta fito, labarin kuma 1967 zuwa 1968 ne, amma dai ka gane nufinsa, rabuwar da ke cikin Amurka ce ta biyo yaran har daji. Wanda ya zauna da sojan ne kaɗai zai san wannan, cewa kafin ka tambayi mutum ra'ayinsa rediyonsa ta riga ta faɗa maka.

Da an fita daji kuma sai kiɗan ya ɗauke. Sai sauro, cinnaku, ruwan sama, gumi, da tsoron dare. In mutuwa ta zo, abin da Stone ke sakawa shi ne Adagio for Strings na Samuel Barber, kiɗan goge irin na Turawa mai jan rai kamar kukan makoki, shi ne ke tashi a wurin nan na jikin fosta inda Elias ya durƙusa ya ɗaga hannu biyu sama jiragen na tafiya sun bar shi. Ni a ganina nan Platoon ya fi gaskiya, bai taɓa ba ka damar ka kaɗa kai ana kashe mutane ba. Apocalypse Now ya fi shi kyan hoto da sauti nesa ba kusa ba, amma kyan nasa takobi ne mai kaifi biyu, har a Jarhead na 2005 an nuna sojojin da za su yaƙin Gulf suna kallon harin jiragen nan suna ihu suna murna, fim ɗin da aka yi don a nuna haukan yaƙi ya koma abin zuga.

Tunda ka ambaci masu dogon zango a ƙarshen tambayarka, Tour of Duty ɗan Platoon ne, nasarar Platoon ce ta buɗe masa hanya, kuma cike yake da waƙoƙin zamanin, sai dai ka kula, wasu kwafin DVD na Amurka an cire waƙoƙin asali saboda kuɗin haƙƙin mallaka an saka wani kiɗan daban. Band of Brothers na HBO, 2001, kashi 10, shi yaƙin duniya na biyu ne, lokacin ba a haifi rock ba, don haka babu. Abin sha'awa wanda ya yi masa kiɗa, Michael Kamen, mutum ne da ya yi aiki da Pink Floyd da Metallica, amma ya ajiye jita ya kama goge, kuma rundunar da ake labarinta, ta 101 masu dirowa da lema, ita ce Jimi Hendrix ya shiga a farkon shekarun 1960 kafin ya zama sarkin jita. Generation Kill na 2008 kan mamayar Iraƙi ta 2003 shi kusan babu kiɗan da aka ɗora, sojojin ne ke rera waƙoƙi da bakinsu a cikin mota.

Abu ɗaya da duka biyun suka gaza, kuma ba zan ɓoye ba yana ci min rai, mutanen Biyetnam ba su da murya. Amurka ta rasa sojoji sama da dubu 58, su kuwa miliyoyi suka mutu, amma a fina-finan nan sai dai ka gan su suna gudu ko suna kuka ko gawa, ko waƙarsu ɗaya ba ka riƙe ba. In kana son jin bakinsu nemi shirin gaskiya na Ken Burns da Lynn Novick, The Vietnam War na 2017, kashi 10 ne wajen awa 18, an zauna da tsofaffin mayaƙan ɓangarorin duka.

Toh shawarata, tunda data ɗaya ce, sauke Platoon. Awa biyu ne, labarin a miƙe yake, ko Turancinka bai yi nisa ba za ka bi. In ka samu wata datar sai ka nemi Apocalypse Now, amma na asali mai kusan awa biyu da rabi, kar ka fara da Redux na 2001 da ya haura awa uku, kuma ka sa iyafis don rabin fim ɗin a kunne yake. Duka biyun ba na kallo da iyali a falo ba ne, akwai ashar da jini sosai, Platoon na da wurin ƙauye mai nauyin gaske, shi kuma Apocalypse Now akwai tsiraici kuma a ƙarshe an sare ɓauna da gaske a gaban kyamara. Ka turo min bidiyon naka ta inbos in ji waƙar, zan gaya maka daga inda aka yanko shi.